Motar ƙungiya: wace irin Hilux ce ta dace da aikinmu?



Duk wanda ya noma albasa a kwarin Majiya, ko aya a ƙasar Maraɗi, ko rake a Matamai, ya san wahala ba ta ƙarewa ranar da aka cire amfani daga gona. Sai an kai shi kasuwa tukuna. Rashin mota ne ke sa manomi ya sayar ma ɗan kasuwa a bakin gona, bisa kuɗin da ɗan kasuwa ya ga dama. Rashin mota ne kuma ke sa mace mai doguwar naƙuda ta kwana bisa amalanke, ana neman likita da ita cikin duhu. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma da yawa, in sun tara ɗan abin hannu ko sun samu bashi, tunaninsu na farko shi ne su sayi mota mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce ma bashe ko a-kori-kura.

In an zauna shawara, sunan da ya fi fitowa daga bakin jama'a shi ne Toyota Hilux. To, amma fa Hilux ba mota ɗaya ba ce. Suna ne ɗaya da aka laƙaba ma motoci iri-iri, kamar yadda ake cewa gero, alhali akwai mai nuna da wuri, akwai maiwa. Wanda ya shuka irin da bai dace da gonarsa ba ya san abin da ke biyo baya. Kuɗin motar ƙungiya gumin mutane da yawa ne, wani lokaci har da ɗan adashen tsofaffin mata. In an yi zaɓen tumun dare, bashi yana nan, mota kuwa tana kwance gindin bedi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Daga ina wannan mota ta fito?

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera Hilux a 1968. Tun daga nan ana ta sake mata fasali. Wadda ta fito a 2015 ita ce zubi na takwas. Ba a Japan ake ƙera mafi yawansu ba: akwai manyan masana'antu a Tailan, da Afirka ta Kudu, da Ajantina. Kowace masana'anta kuma tana haɗa mota gwargwadon ƙasar da za a kai ta. Ta ƙasar sanyi dabam, ta ƙasar ƙura da zafi dabam.

Dattawanmu sun tuna zamanin Peugeot 404 da 504 bashe, waɗanda suka yi ma kasuwannin ƙauye hidima shekara da shekaru. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta sa kayan gyaransu sun wadata a ƙasar Hausa. Sannu a hankali Toyota ta gaje su. Sunanta ya ƙara tashi a 1987, lokacin yaƙin Cadi da Libiya, sa'ad da sojojin Cadi suka yi ta ratsa hamada da irin waɗannan motoci, har ƴan jarida suka raɗa ma yaƙin suna Yaƙin Toyota. Wannan tarihi ne. Mu ba yaƙi za mu ba, kasuwar Tasawa za mu. Abin da ya dame mu shi ne buhu nawa za ta ɗauka, wace hanya za ta bi, kuma wa zai gyara ta in ta tsaya.

Gida ɗaya ko gida biyu?

Nan ne gardama ta fi zafi a wurin taro. Mai gida ɗaya tana da ƙofa biyu, da wurin zaman direba da mutum ɗaya ko biyu. Bodinta na baya dogo ne, ya kai kamar mita 2 da santimita 30. Mai gida biyu, wadda ake ce ma dubul-kabin, tana da ƙofa huɗu da wurin zaman mutum biyar. Amma wurin da aka ba mutane, daga bodi aka yanko shi: bodinta bai wuce mita 1 da rabi ba sai da kaɗan. Akwai ta tsakiya, mai gida ɗaya da rabi, wadda bodinta ya kai kamar mita 1 da santimita 80, da ɗan matsattsen wuri bayan kujerar direba. Ba ta cika yawa a ƙasarmu ba.

Yanzu mu ɗauko allo mu yi lissafi. Nauyin da Hilux ke ɗauka bai yi nisa da tan ɗaya ba, wato kilo 1.000. Wata ta ɗara haka kaɗan, wata ta gaza. Abin da mutane ke mancewa shi ne, mutanen da ke cikin mota su ma kaya ne. A ƙaddara mai gida ɗaya ce, mai ɗaukar kilo 1.000. Direba da yaronsa, in kowane yana da kilo 70, sun cinye 140. Saura 860. Buhun gero mai tiya 40 kilo 100 ne, saboda haka buhu 8 ke nan. Buhun takin zamani kilo 50 ne, buhu 17 ke nan. Duron ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin duron kansa, saboda haka duro 4 sun ishe ta. Buhun albasa kuwa, irin wanda ake ɗinka ma hula, ya fi na gero nauyi. Bakwai ma sun kai ta maƙura.

A ƙaddara kuma mai gida biyu ce, mai ɗaukar kilo 900. In mutum biyar sun shiga, kilo 350 sun tafi. Saura 550. Buhun gero 5 ne kawai, da ɗan ƙunshin kayan matafiya.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce: «Malam, ai da idona na ga Hilux ɗauke da buhu 20, da mutane bisa buhunan, da akuya bisa cinyar mutanen.» Gaskiya ne, kowa ya gani. Amma a bi ta garejin Maraɗi ko na Damagaram a duba bayan gida, a ga ƙarshen irin waɗannan motoci. Lodin da ya wuce kima yana karya ƙarafan baya da ake ce ma lam, yana lanƙwasa shasi, yana fasa taya. Mafi muni, yana cinye ƙarfin birki. Birkin da aka yi don tsai da mota da tan ɗaya ba zai tsai da ita da tan biyu a gangaren dutse ba. Kaya masu tsawo bisa kuma suna sa mota ta kife a kwana. Ranar da haka ta faru, waɗanda ke zaune bisa buhu ba su da abin kamawa. Ƙara ma lam ganye, kamar yadda wasu ke yi, yana hana bayan mota durƙusawa ne kawai. Bai ƙara ma birki kome ba.

Ainihin nauyin da aka yarje ma kowace mota yana rubuce a wani ɗan faranti da ke jikinta, galibi a bakin ƙofa ko a ɗakin inji, kuma yana cikin takardunta. A nemi nauyinta da kaya, a ɗebe nauyinta wayam. Abin da ya rage shi ne lodinta. Wanda ya yi shekara ɗaya a ajin yaƙi da jahilci ya iya wannan ɗebewa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ƙungiyar da ta sayi mota don amfanin gona, mai gida ɗaya ta fi mata. Ta fi araha, ta fi ɗaukar kaya, kuma ba ta cika jan hankalin masu aro ba. Mai gida biyu kuwa, tun ranar da ta shigo gari, kowa ke da biki, kowa ke da gaisuwar mutuwa a wani gari. Sau da yawa a wurin taro, waɗanda suka fi ɗaga murya don a sayi mai gida biyu su ne waɗanda ke sa ran zama cikinta. Tana da nata amfani dai: ga ƙungiyar da aikinta yawo da mutane ne, kamar kwamitin lafiya da ke kai ma'aikata rigakafi ƙauyuka, ko masu ɗaukar kaya marasa nauyi kamar iri da kaji da kayan lambu kaɗan.

Wani zai ce, to majiyyaci fa? A kujerar baya ta mai gida biyu, babban mutum ba ya miƙewa sosai, sai dai ya kishingiɗa, amma yana cikin inuwa, ba ƙura. A bodin mai gida ɗaya ana shimfiɗa katifa, mace mai naƙuda ta kwanta bisa gefenta na hagu, ungozoma ta zauna kusa da ita. Sai dai dole a yi ma bodin ƙarafa da tamfol, don rana da iska. Kowace tana iya wannan aiki in an shirya ta tun da wuri.

Kada kuma a manta, a-kori-kura ba kamiyo ba ce. Mai buhu 100 da zai kai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, hayar babbar mota ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Aikin Hilux shi ne tattaro kaya daga ƙauyuka zuwa bakin kwalta ko kasuwar mako.

Kat-kat, ko mai jan tayoyin baya kaɗai?

Akwai Hilux da inji ke juya tayoyinta biyu na baya kawai. A takarda ana rubuta ta 4x2. Akwai wadda ke iya juya duka huɗun, ana rubuta ta 4x4, ita ce muke ce ma kat-kat. Kat-kat ta fi tsada wurin saye, ta fi nauyi, ta fi shan mai, kuma tana da ƙarin ƙarafa a ƙarƙashi da ke bukatar mai da gyara.

Hanya ce ke yanke wannan hukunci, ba sha'awa ba. Garin da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Galmi, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, in gonakinsa ba su yi nisa da kwalta ko burji ba, 4x2 ta ishe shi. Kuɗin da ya rage a sayi taya da su. Amma garin da ke cikin jigawa, kamar ƙauyukan Mayahi, Dakwaro, Tanut da Gure, ko wanda sai an tsallake gulbi ko ƙorama da damina, kat-kat ce tasa. Tambayar da ya kamata a yi a taro ita ce: cikin watan Agusta, da tsakar dare, bayan ruwa ya sauka, wace mota ce za ta fita daga garin nan ta kai likita? In amsa ita ce sai kat-kat, to magana ta ƙare, ko da za a sayi wadda ta fi tsufa.

A yi hattara da abu guda. Akwai 4x2 da aka ɗaga ƙafafunta, tsawonta ɗaya da kat-kat, tayoyinta manya. Daga nesa ba a bambanta su. Takardar da aka manna a jikin bodi ba shaida ba ce, ana sayar da irinta a kasuwa. A duba cikin gida: tsofaffi suna da ƙaramar sandar giya ta biyu, sababbi suna da maɓallin murɗawa, an rubuta H2, H4, L4. Sa'an nan a durƙusa a leƙa ƙarƙashi, a ga ko akwai sandar ƙarfe da ta tafi wajen tayoyin gaba. Daga nan a kai ta cikin rairayi a gwada. Mai sayarwa da ya ƙi a gwada, akwai abin da ya sani.

Ga ma'anar haruffan. H2 ta tafiyar yau da kullum ce. H4 ta rairayi ce da laka. L4 ta wurin da ya yi tsanani ce, inda ake tafiya kamar hawainiya amma da ƙarfi. Ba a tafiya da H4 ko L4 bisa busasshiyar kwalta, don ƙarafan ƙarƙashi suna ɗaurewa, tayoyi suna cinyewa. Cikin rairayi mai zurfi, rage ma tayoyi iska kaɗan ya fi taka mai da ƙarfi amfani. Amma da an hau kwalta sai a mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Saboda haka famfon iska na cikin kayan da ba a barin su gida.

Mutanen arewa, wajen Abalak da Cintabaradan da bayan Tanut, sun fi yarda da yayar Hilux, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, mai lamba 79. Da yawansu suna da injin gazuwal mai silinda shida, lita 4,2. Jaruma ce, amma tsadarta da shan manta sun fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyin kudu. Kuma a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, sabuwar kat-kat mai ƙyalli ita ce ɓarayi masu makamai suka fi kwaɗayi. Wannan ma abin aunawa ne.

Gazuwal ko isansi?

An daɗe ana cewa mai gazuwal ta fi sauƙin ciyarwa. Mu auna mu gani. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai: litar isansi ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, ta gazuwal daga 668 zuwa 618. Ga misali da waɗannan kuɗi. A ƙaddara mai gazuwal tana shan lita 10 a kilomita 100, mai isansi kuma lita 13. Ta gazuwal: 10 sau 618, sefa 6.180. Ta isansi: 13 sau 499, sefa 6.487. Bambancin sefa 307 ne kawai a kilomita 100. Ashe ratar ba ta kai yadda ake faɗi ba. Kowa ya sake wannan lissafi da kuɗin da ya tarar a gidan mai ranar da zai yi shi. Sanin abin da mota ke sha kuwa ba wuya: a cika tanki, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiya, a sake cikawa, a ga lita nawa ta shiga.

To, me ya rage ma gazuwal? Ƙarfin jan kaya a ƙaramar giya, da nisan zango kafin tanki ya ƙare, da juriya in ana kula da inji. Akwai kuma maganar samuwa. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011. Duk da haka, shekaru da yawa garuruwan bakin iyaka sun dogara da isansin ƴan ruwa-ruwa mai fitowa daga Najeriya. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, wannan araha ta kau. A watan Maris 2025 kuma an yi ƙarancin isansi, aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Kada ƙungiya ta gina lissafinta bisa arahar da ba ta da tabbas.

Amma babbar tambaya ba gazuwal ko isansi ba ce. Ita ce: wane irin injin gazuwal? Domin iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Akwai tsohon zubi, wanda makanikai ke kira da lambarsa: 2L, 3L da 5L. Na ƙarshen lita 3 ne. Ba shi da turbo, ba shi da gudu, in an yi masa lodi a hawa sai ya riƙa nishi kamar tsohon jaki. Amma yana haƙuri da man da bai cika tsabta ba, kuma da wuya a samu babban gari a kudancin Nijar da ba wanda ya iya kwance shi ya ɗaura.

Akwai kuma sabon zubi. Na farkonsu su ne 2KD da 1KD, waɗanda aka fi sani da D-4D. Daga 2015 aka samu 2GD mai lita 2,4 da 1GD mai lita 2,8. Suna da turbo, suna da ƙarfi, ba su cika shan mai ba. Ƙwaƙwalwar lantarki ce ke auna man da ake fesawa cikin inji, ta wasu allurai da ake ce ma anjekta, masu ƙofa siririya kamar gashi. Ɗan ruwa ko ɗan ƙasa cikin gazuwal ya isa ya lalata su, kuma kuɗin sababbi guda huɗu yana iya cinye ribar kaka guda. In irin wannan inji ya yi ciwo, kunne da guduma ba su gano ciwon. Sai an kai shi inda ke da na'urar bincike, galibi a manyan birane. Wanda ke zuba mai a gidan mai na ƙwarai, kuma yana kusa da birni, sabon zubi zai yi masa daɗi. Wanda ke sayen gazuwal a bido, a kasuwar ƙauye, ya tsaya ga tsohon zubi, ko ga mai isansi. Injin isansi mai lita 2,7, wanda ake ce ma 2TR, yana sha, amma ba ya da yawan ƙorafi.

Kafin a biya ko dala, a je wurin makanikin da zai riƙa duba motar. A tambaye shi injin da ya iya. A zaga wurin masu sayar da kayan gyara a tambayi kuɗin matatar mai, da matatar iska, da farantin kuloci, da takalmin birki na irin wannan mota. In an ce sai an aiko da su daga wata ƙasa, a sake shawara.

Fitilu biyu na gaban direba sun cancanci a san su. Ɗaya tana kamawa in ruwa ya taru a gindin matatar gazuwal: a tsaya a tsiyaye shi, kada a ce sai an isa. Ɗaya kuma an rubuta mata T-BELT. Tana tuna ma mai mota lokacin sauya bel ɗin cikin inji ya yi. Injunan L da KD suna da wannan bel, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya, inji ya tashi aiki. Injunan GD da 2TR sarƙa gare su a madadinsa.

Giya, taya da kayan ado

A nan ba sai an daɗe ba. Giyar hannu ta fi ma ƙauye: gyaranta ya fi sauƙi, kuma in batir ya yi sanyi ana iya tura mota ta tashi. Mai sauya giya da kanta ba ta tashi da turi. Ƙafar taya ta baƙin ƙarfe in ta lanƙwashe ana buga ta ta miƙe, mai ƙyalli kuwa tsagewa take yi. Kujerar fata, da gilashi mai hawa da lantarki, da talabijin a gaban direba ba su ƙara ko buhu ɗaya. Tayoyi dai a duba su da kyau. A nemi masu harafin C ko LT, su ne na ɗaukar kaya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya, ko zanenta bai goge ba, zafin watan Afrilu yana fasa ta. Mai bin dajin aduwa da bagaruwa kuwa ya riƙe safaya biyu.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwa fil ana samunta wurin wakilin Toyota, kamfanin CFAO, a Yamai, da garanti. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke da wannan ƙarfi. Mafi yawa ta hannu za su saya. Shekaru da dama motocin hannu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke shigowa. Da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru.

Motar da aka ƙera don Turai tana da kyan gani, amma ba don mu aka yi ta ba. Na baya-bayan nan suna da wata matata a bututun hayaƙi, wadda ke toshewa in gazuwal bai dace da ita ba. Wasu ma sai an riƙa zuba musu wani ruwa na musamman mai suna AdBlue. Gishirin da ake watsawa bisa hanyoyinsu lokacin sanyi kuma yana cin shasi daga ciki. Wadda aka ƙera don Afirka ta fi dacewa da ƙurarmu. Irin ta ce ake samu in ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji sun yi gwanjon tsofaffin motocinsu, sai dai wasunsu sun sha wuya ƙwarai. A lura da gefen sitiyari. A Nijar dama muke bi, saboda haka sitiyari a hagu yake. Motar da aka yi don Ingila, ko Japan, ko Afirka ta Kudu, sitiyarinta a dama yake, direba ba ya ganin gaba in zai wuce kamiyo. Wadda aka mayar ma sitiyari hagu a wani gareji kuwa, a bar ta inda take.

Ranar dubawa a je da sassafe, da makanikin ƙungiya, ba na mai sayarwa ba. A taɓa inji a ji yana da sanyi, sa'an nan a tayar. Hayaƙi shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu kamar kindirmo, ruwa ya gauraya da mai. A shiga ƙarƙashi da tocila a bi shasi daga gaba har baya, ana neman walda ko sabon fenti da ke ɓoye tsaga. Lambar kilomita ana iya mayar da ita baya, amma robar birki da ta kuloci da suka suɗe ba su yin ƙarya. A yi mata lodin buhuna, a hau hanyar da za ta riƙa bi.

Takardu, da littafin mota

Lambar shasi da ke bugge a jikin ƙarfe ta zama daidai da wadda ke cikin kartagiris, harafi da harafi. Mutum biyu su karanta, ɗaya na faɗi, ɗaya na bi da yatsa. A nemi takardar duwan da ke nuna an biya kuɗin shigowa, don motar da ba ta da ita ana iya kama ta a kowane shinge. A yi asiransi da bizit kafin ta fara aiki. A rubuta motar da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko na ma'aji ba, kome amincinsu. Mutum yana mutuwa, magada kuma abin da takarda ta faɗa shi suka sani.

A sayi kaye guda a ajiye cikin mota. Kowace fita a rubuta rana, da inda aka je, da lambar kilomita ta tashi da ta dawowa, da litar da aka zuba, da kuɗin da aka karɓa. Daga kowace haya a ware wani kaso a asusun gyara, kada a taɓa shi don biki. A nan ne karatun da muka yi zai biya mu.

Maganin ƙwari da na ciyawa ba su shiga gidan direba, kuma ba su hawa bodi tare da hatsi ko mutane. In an ɗauko su, ko an ɗauko dabbobi, a wanke bodi da ruwa da sabulu kafin a sa abinci ko a shimfiɗa ma majiyyaci. In bututun hayaƙi ya huje a gyara shi nan da nan, don hayaƙin da ke taruwa ƙarƙashin tamfol yana sumar da mutum ba tare da ya farga ba.

Tun ranar da mota ta iso, taro ya tsai da wanda ke riƙe makulli da dare, da direba na biyu in na farko ba ya nan. A rubuta lambar wayarsu a bangon likita da ƙofar mai gari. A ware lita 20 ta mai a jarkar ƙarfe, a rubuta mata «na majiyyaci», a ajiye ta a inuwa, nesa da murhu da yara. Duk wata uku a juye ta cikin tanki a sake cika ta da sabo.